Takardun Kawu da Ɗakin Ƙanena

A watan Fabrairu na 2023 ƙanena ya so ya gina ɗaki, gama an sa bikinsa bayan ƙaramar salla. Mu mutanen ƙasar Kunci ne, inda gona ke manne da gona, gida na hangen gida, kowa ya san abin da ke rumbun maƙwabcinsa. Yaron ya sayar da gyaɗarsa da tumaki biyu, kuɗin na banki. Amma a lokacin nan ne hukuma ta sake takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin aka kwashe, sababbin ba su iso ba. Mutum na da dukiya cikin waya, bai iya sayen goron sisi. Magini ya ce shi bai san waya ba, masu kwaɓa ƙasa kuwa suka ce a hannu suke so.

Muka tafi wurin kawunmu da daddare, muka gaya masa. Ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, kuɗi ne za su ɗora tubali, ko hannuwa?" Ƙanena ya ce, "Hannuwa ne, Kawu." Ya ce, "To, ƙasa na kududdufi, shuci na fadama, samari na zaune gindin bishiya ba aiki. Me ya ɓace? Shaida kaɗai ta ɓace, watau abin da zai nuna wane na bin wane. Kai da ka yi karatu, ɗauko takarda."

Ga abin da muka yi. Na yanka takardu, kowace na rubuta mata: mai riƙe da wannan yana bin gidanmu wunin aiki ɗaya, ko tiyar gero ɗaya. Kawu ya dangwala yatsa, ni na sa hannu. Wannan ba baƙon abu ba ne, gayya ce aka yi mata rubutu. A gayyar iyayenmu, wanda ya taya ka yau kai za ka taya shi gobe, bashin yana cikin kai. Amma bashin da ke cikin kai ba ya tafiya, tsakanin mutum biyu yake tsayawa. Na takarda kuwa ashe ƙafa gare shi. Wani saurayi ya kai tasa wurin mai shayi, mai shayi ya ba mai kawo masa itace, mai itace ya zo ya ce shi ba gero yake so ba, a zo a taya shi yin darni. Da na ga takardar da na rubuta ta komo hannuna ta yi baƙi, ta ratsa hannu huɗu, sai na fara tunani a kan mene ne kuɗi.

Mai karatu ya sani kalmar nan kuɗi asalinta wuri ne, in sun yi yawa. Baturen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dala ɗaya ta azurfa, keso guda kuwa wuri 20,000 ne. Wuri ba ya ciwuwa, ba ya ɗinkuwa, yarda kawai ta sa shi ya zama kuɗi. Ko bayan da Turawa suka kawo anini da kwabo da sule, an daɗe ana ƙananan ciniki da shi a kasuwannin ƙauye.

Waɗansu ƙasashe sun kai dabarar Kawu nesa. A 1932, lokacin da ciniki ya mutu a duniya, wani ƙaramin gari a Ostiriya mai suna Worgl ya buga takardun kansa, ya biya ma'aikata da su, aka gyara hanyoyi, aka gina gada. Kowane wata takardar na rage kashi 1 cikin 100, saboda haka ba mai ɓoye ta. A 1933 babban bankin ƙasar ya hana. A Barazil kuma, a wata unguwar talakawa ta birnin Fortaleza, mutane suka ga sun gyara unguwarsu da aikin gayya, amma talauci na korarsu daga cikinta. A 1998 suka kafa Bankin Palmas, daga baya suka fito da takardar da ba ta ci sai a unguwar, darajarta daidai da kuɗin ƙasa, suna ba da rance har na gyaran gida. Nufinsu abin da aka samu a unguwa ya zaga cikinta tukuna kafin ya fita.

Kada in yi wa mai karatu zaƙin baki, abin yana da iyaka. Takardarmu ba ta sayi ƙusa ko ƙyaure ba, balle kwano, don mai kanti a Bichi bai san Kawu ba. Shi ya sa ɗakin jinka aka yi masa. Kuma ba kuɗi ba ce a gaban shari'a, naira ce kuɗin ƙasa, tamu alkawari ce. Alkawari kuwa nauyi gare shi. Takardu 40 na rubuta, da damina ta faɗi masu su suka riƙa zuwa a rana guda, kowa na son a taya shi noman farko, gonarmu na jira. Har na yi da-na-sanin rashin rubuta cewa aikin rani da aikin rani za a biya shi. Geron da muka fitar ma ya taɓa rumbu fiye da yadda muka zata.

Ran 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun naira, kuɗi suka fara komowa sannu-sannu. Kafin nan an gama yaɓe. Takardu 39 sun komo, mun biya, Kawu ya ƙone su a gaban masu su. Ɗayar tana wurin wata tsohuwa mai ƙosai, ta ce ba za ta kawo ba sai ranar da dangarta ta faɗi.