Idan Babban Khan ya taso, ba kowane yaƙi ake fita ba

Yau ba zancen kachalla ko farashin shinkafa na zo da shi ba. Magana ce kan wani wasan kwamfuta da ya ci min dare da yawa, wato Stellaris, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2016. Ƙannenmu da suka fara buga shi a Gashua da Nguru duk kuka ɗaya suke kawo min: "Yaya, da wasa ya kai tsakiya sai a share mu." Wasu har sun goge shi, bayan kuɗin data da suka kashe wajen sauko da shi.

Ga wanda bai san wasan ba, ana ba ka duniya ɗaya a shekara ta 2200 da 'yan jirage kaɗan, kai kuma ka faɗaɗa mulkinka zuwa taurarin da ke kewaye. Shekarun farko daɗi ne zalla, bincike da kama fili. Amma kafin a kai 2300, wadda ita ce farkon tsakiyar wasa a tsarin da ya zo da shi, fili ya ƙare, iyakarka ta haɗu da ta maƙwabta. Kwamfuta kuwa kullum tana auna rundunarka da tata. Da ta ga kai ne mai rauni, sai ta ce taurarinka nata ne, ta shelanta yaƙi.

Abu na farko da nake faɗa wa ƙannen nan, ɗan Dagona ya riga ya san shi. Wanda ya taɓa shiga kwalekwale a fadamar nan tamu ya san ruwa yana da faɗi a ido, amma hanyar wucewa ɗaya ce ko biyu, sauran duk kachalla ta toshe. Tun gyaran da aka yi wa wasan a 2018, jirage ba sa tsallakawa inda suka ga dama, sai sun bi hanyoyin da ke haɗa tauraro da tauraro. Saboda haka ni ina tsayar da faɗaɗawa a inda hanya ta tsuke, ko da akwai tauraro mai arziki a gaba yana yi min ƙyalƙyali. A wannan mashigar nake gina babban sansani. Idan an samu fasahar da ke hana jirgin abokin gaba wucewa, dole ya tsaya ya yi faɗa da sansanin kafin ya shiga cikin gida.

Sai dai sansani shi kaɗai ba ya tare rundunar tsakiyar wasa, jinkirta ta kawai yake yi. Abin da ke riƙe ƙasa shi ne jirage, jirage kuma da narkakken ƙarfe ake ƙera su. Wanda ya cika duniyoyinsa da ɗakunan bincike ya bar maƙera, to ya yi wa maƙwabci kiwo ne. Kuma idan rundunar da ta taso ta ninka tawa, ba na fita. Ina janye jiragena su koma kusa da sansani, inda ake gyara su, in bar abokin gaba ya cinye taurarin bakin iyaka. Yaƙi a wasan nan yana da ma'aunin gajiya. Idan na ɗaya ɓangaren ya cika 100, bayan shekara biyu za a iya tilasta masa sulhu, kowa ya riƙe abin da ya ce nasa ne kuma ya kama. Asarar tauraro uku da babu kowa a cikinsu ba ta hana ni barci. Rundunar da aka shekara talatin ana tarawa, ita ce ba ta dawowa da wuri.

Inda muke sa-in-sa da wani abokina shi ne batun Babban Khan. Ga masu ƙarin wasan da ake kira Apocalypse, akwai wasu mahara da ke zaune a gefen taswira suna karɓar kuɗin kariya. A tsakiyar wasa wani jarumi yakan haɗa kansu, ya fito da runduna da ƙaramar ƙasa ba ta isa ta tare ba. Wasan yana ba ka zaɓi: ka yi mubaya'a, ka riƙa biyan wani kaso na arzikinka, a bar ka da ƙasarka. Abokina ya ce wannan ragwanci ne, gara a mutu a tsaye. Ni kuwa ina miƙa wuya tun kafin jiragensa su iso mashigata.

Da ya matsa min, sai na tuna masa tarihin gida. Ƙasar Bade tana tsakanin manya biyu, Borno daga gabas, Hadejia daga yamma, ga kuma Galadiman Borno da ke zaune a Nguru. Bade ta biya wa Borno haraji. Sai a ƙarni na 19 Lawan Babuje ya kewaye Gogaram da ganuwa, ya ƙi ci gaba da biya, garin kuma ya jure hare-haren da suka biyo baya. Jerin abubuwan ne ya fi jan hankalina: an biya tukuna, an yi ganuwa, sannan aka ce a'a. Abokina ya ce ai wasa daban, tarihi daban. Haka ne, ban musa ba, amma shi aka share a 2320, ba ni ba.

Shi Khan ba ya dawwama. Bayan wasu shekaru yakan mutu, ta hanyar ciwo ko kisan gilla ko a fagen fama, daularsa kuma sau da yawa ta tsage gida-gida, manyan hafsoshinsa su rabe ta. Duk shekarun da nake biyansa, maƙerana ba su huta ba. A wasana na yanzu ya mutu a 2347, na karɓo taurarina uku, na ƙara da biyu na wani hafsansa da ya zauna kusa da ni. Wasan yana ajiye a nan. Hazo ya hana sola cika batir kwana biyu, kwamfutar ma a kashe take.