Gangar Bonham a Hannun Ɗansa

Duk ma'aikacin rediyo yana tsoron shirin kai tsaye. Wanda aka naɗa a ɗaki kana iya yanke tari, ka goge tuntuɓen harshe, ka sake ɗauka. Na kai tsaye kuwa, da zarar jar fitila ta kama, magana zarar bunu ce. Ina jin shi ya sa fim ɗin Celebration Day na ƙungiyar Led Zeppelin ya kama ni fiye da faya-fayensu na situdiyo. Dare ɗaya ne tak, kuma kowa a kan dandamalin ya san babu damar sakewa.

Ga wanda bai san su ba, Turawan Ingila ne su huɗu da suka haɗu a Landan a 1968: Robert Plant mai waƙa, Jimmy Page mai jita, John Paul Jones mai jitar bas da fiyano, sai John Bonham mai ganga. Shekara goma sha biyu suna cika filayen wasa a Turai da Amurka da kiɗan rok mai nauyi. A watan Satumba na 1980 Bonham ya rasu yana da shekara 32. A Disambar shekarar sauran ukun suka sanar cewa ba za su ci gaba ba tare da shi ba. Da wasu ne, da sun ɗauko wani makaɗin kafin a share makoki.

Sun ɗan sake haɗuwa jefi-jefi, ba kuma da daɗi ba. A taron Live Aid na 1985 a Filadelfiya sun hau dandamali ba tare da isasshen shiri ba, murya ta dishe, jita ta ƙi saituwa. Abin ya yi musu ciwo har suka hana a saka nasu ɓangaren lokacin da aka fitar da faifan taron a 2004. Masoyansu sun shekara fiye da ashirin da wannan tabon a zuci.

Sai Ahmet Ertegun ya rasu a ƙarshen 2006. Shi ne ɗan Turkiyyar da ya kafa kamfanin Atlantic tare da abokinsa, kamfanin da ya riƙe su tun farko. Aka shirya wasan tunawa da shi a zauren O2 na Landan, suka amince za su yi cikakken wasa. Zauren bai wuce mutum dubu 20 ba, amma kundin Guinness ya rubuta cewa buƙatun tikiti sun kai miliyan 20, dole aka koma ƙuri'a. An ma ɗage ranar da mako biyu saboda Page ya karye a yatsa. Ranar 10 ga Disamba 2007 aka yi wasan. Page yana da shekara 63, kansa fari fat, Jones 61, Plant 59. A kujerar ganga kuma ga Jason, ɗan marigayi Bonham, wanda yana da shekara 14 mahaifinsa ya bar duniya.

A nan ne fim ɗin yake, a ganina. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin gadon kiɗa. Mun san yadda ake kasa kunne ranar da ɗan makaɗi ya fara rataya kalangun ubansa, ana jira a ji ko hannun ya biyo jini. Jason ba baƙon ganga ba ne, yana ƙaramin yaro ya fito yana kaɗa 'yar ƙaramar ganga a tsohon fim ɗinsu na 1976, kuma ya taɓa zama a kujerar a wani ɗan gajeren wasa a 1988. Amma waƙa 16 a jere, awa biyu, a gaban abokan ubansa, wannan wani kaya ne daban. Ka lura da inda dattawan uku suke tsayawa. Dandamalin yana da faɗi, amma sau da yawa sai ka ga sun taru dab da gangar, suna ba jama'a kafaɗa, suna duban yaron. Na ce yaro, alhali shekararsa 41 a lokacin. A idonsu dai yaro ne. In ya sauke wani bugu daidai inda uban yake sauke shi, sai ka ga Page ya yi murmushi, Plant ya waiwayo. Da kunne kaɗai ba za ka sami wannan ba, ni kuma da nake cin abinci da kunne ba na son amsa haka, amma gaskiya ce.

Sai waƙar "Kashmir". Sirrinta lissafi ne: jita tana tafiya uku-uku, ganga tana tafiya huɗu-huɗu, ba sa gamuwa sai a bugu na goma sha biyu, sannan su sake rabuwa. In mai ganga ya yi gaggawa ko da ƙiftawar ido, ginin ya rushe. Dole ya riƙe takunsa kamar raƙumi mai kaya, komai jan da jita take yi masa. Jason ya riƙe. Kwatancen raƙumin ma ba ni na ƙaga ba don na faranta wa mutanenmu: Plant ya sha faɗin cewa waƙar ta samo asali ne daga wata doguwar tafiya da ya yi a mota cikin hamadar kudancin Maroko, ba daga yankin Kashmir ba. Shi ne kuma ya zo Essakane a Mali a 2003, ya yi wasa a bikin hamada inda Tinariwen da Ali Farka Touré suka yi nasu. Da na saka "Kashmir" a shirina na dare, wani mai sauraro ya kira yana tambaya ko 'yan Agadez ne. Wanda kunnensa ya saba da jitar Bombino ko ta Mdou Moctar ba zai ji ta baƙuwa ba.

Ba komai ne ya yi mini ba. Dick Carruthers da ya ba da umarnin fim ɗin yana yawan yanke hoto, ana tsakiyar kallon yatsun Page sai a ɗauke ka zuwa wani gefen. "Stairway to Heaven" da kowa yake jira ta zo mini a sanyaye, kamar Plant yana biyan bashi ne. An kuma sauke sautin wasu waƙoƙin ƙasa kaɗan don muryarsa ta iya kaiwa. Wasu suna ganin wannan kasawa ce, ni kuwa na ga hankali. Dattijon da ya dage sai ya yi ihun da ya yi yana ɗan ashirin, dariya zai sha. Muryar da ta rage masa ta fi kauri, ya kuma san inda zai ja da inda zai saki.

Na taɓa nuna wa wani abokin aikina fim ɗin, ma'abocin waƙoƙin Indiya wanda ko sunan ƙungiyar bai taɓa ji ba. Ƙarar ta dame shi, ya ce wannan ai hayaniya ce. Da na gaya masa wane ne mai gangar, sai ya ja kujera, bai ƙara magana ba har aka gama. Abin da ya tambaya daga ƙarshe shi ne ko sun ci gaba.

Ba su ci gaba ba. An yi ta rade-radin za su zaga duniya, Page da Jones da Jason sun ma yi ta gwaji tare, amma Plant ya ƙi. Ya kama hanya da mawaƙiyar Amurka Alison Krauss, wadda suka fitar da faifai tare makonni kaɗan kafin wasan. Hotunan daren kuma suka kwanta shekara biyar, sai a Oktoban 2012 aka haska fim ɗin a gidajen sinima, faifan sautinsa ya ci kyautar Grammy a 2014. Cikin miliyoyin da suka nemi tikiti ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba, akwai waɗanda aka haifa bayan rasuwar Bonham. Su ne suka cika gidajen sinimar tare da iyayensu.