Cody: Garin da Ake Neman Asalin Bindiga

Cody ƙaramin gari ne a arewa maso yammacin jihar Wyoming ta Amurka, mutanensa ba su wuce dubu goma da ɗoriya ba. Galibin baƙi ratsa shi kawai suke yi a kan hanyarsu ta zuwa gandun dajin Yellowstone, wanda ƙofarsa ta gabas ke da nisan kimanin kilomita 80. William Cody, wanda aka fi sani da Buffalo Bill, yana cikin waɗanda suka kafa garin a 1896, sunansa kuma garin ya ci. Ni abin da ya tsayar da ni a can shi ne gidan tarihin bindigogi, ɗaya daga cikin gidajen tarihi biyar da ke ƙarƙashin rufi guda a Cibiyar Buffalo Bill, inda aka tara bindigogi kimanin 7,000. Ginshiƙin tarin kayan kamfanin Winchester ne, waɗanda aka kawo aro daga birnin New Haven a tsakiyar shekarun 1970, kafin a mallaka wa cibiyar su a 1988.

Iri biyu ne na ga sun fi tara jama'a. Na farko doguwar bindiga ce mai mariƙi kamar zobe a bayan kunama. In an tura mariƙin ƙasa aka dawo da shi, sai kwanson harsashin da aka harba ya faɗo, sabo ya hau, bindiga ta ɗanu. Kakarsu ita ce Henry ta 1860, mai cin harsashi 16 a zamanin da yawancin sojoji ke ɗura ɗaya su harba su sake ɗurawa. Daga ita sai Winchester ta 1866 mai ƙugun tagulla, wadda sojojin Daular Usmaniyya suka fuskanci Rashawa da ita a Plevna a 1877, sannan ta 1873 wadda aka ƙera sama da guda 700,000. Na biyu libarba ce ta kamfanin Colt, ita ma ta 1873, mai ɗakunan harsashi shida. Ba ta tashi sai an ɗana ta da babban yatsa kafin kowane harbi, kuma masu hattara biyar suke ɗura mata, su bar ɗaki ɗaya fanko don kada ta faɗi ta tashi da kanta.

Kirarin da ake yi wa Winchester ta 1873 shi ne wai ita ce bindigar da ta ci Yammacin Amurka da yaƙi. Kirarin nan na 'yan talla ne, bayan an gama yaƙe-yaƙen ya bazu. Rundunar sojan Amurka ba ta ɗauke ta a matsayin makaminta ba. A yaƙin Little Bighorn na watan Yunin 1876, a jihar Montana ta yanzu, tafiyar 'yan sa'o'i a mota daga Cody, dakarun Custer bindigar Springfield mai harsashi ɗaya suka riƙe, da libarbar Colt. Da gobarar daji ta share filin a 1983, masu haƙar tarihi suka bi shi a 1984 da 1985, suka tsinci kwansunan Henry da Winchester a wuraren da mayaƙan Lakota da Cheyenne suka tsaya. Haka kuma maharban da suka ƙarar da ɓaunar Amurka, daga miliyoyi zuwa 'yan ɗaruruwa a daji, sun fi amfani da Sharps, ita ma mai harsashi ɗaya. Ƙarewar ɓauna kuwa ita ta jefa ƙabilun nan cikin yunwa har suka miƙa wuya. Gidan tarihin waɗannan ƙabilu yana cikin ginin, 'yan taku kaɗan daga bindigogin, kuma a ganina duk wanda ya shiga ɗaya bai shiga ɗayan ba, rabin labari ya ji.

Silima ce ta raya bindigogin bayan zamaninsu ya shuɗe. Colt ya daina ƙera libarbar da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu, bai dawo da ita ba sai a 1956, lokacin da finafinan kaboyi suka mamaye talabijin, jama'a suka shiga nemanta. A 1959 Aldo Uberti ya buɗe masana'antarsa a Gardone Val Trompia kusa da Brescia a Italiya, yana ƙera kwaikwayon tsofaffin bindigogin Amurka, kuma an riƙe kayansa a finafinan Sergio Leone da aka ɗauka a busassun filayen Almeriya ta Sifen. Ashe wasu daga cikin kaboyin da iyayenmu suka yi wa tafi a silimun Kano da Kaduna, bindigar Italiya suke riƙe da ita a ƙasar Sifen. Masana'antar Winchester ta New Haven ma an rufe ta a 2006; sabuwar 1873 mai ɗauke da sunan kamfanin a yau, Miroku ne ke ƙera ta a Japan. Mai son harbi a wasannin da ake sa hular kaboyi kwaikwayon yake saya, don ba a wahalar da ta asali.

Ta asalin kuwa dokarta daban ce. Mai tara tsofaffin bindigogi ba ya son a goge su. Wanda ya kankare duhun da shekaru suka bari a jikin ƙarfe, ya sake masa launi, ya zubar da darajar kayansa da hannunsa. Shekara ma tana da nauyi, domin dokar tarayyar Amurka na ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi. Shi ya sa wurin da ya fi muhimmanci ga waɗannan mutane a Cody ba ya cikin gilashi. Ofis ne da ke riƙe da kundayen masana'antar Winchester da Marlin. Mutum zai aiko da lambar da aka buga a jikin bindigarsa, ya biya, a rubuto masa takarda mai nuna ranar da ta shiga sito, ranar da ta fita, girman harsashinta da tsawon bututunta. In bindigar ta saɓa wa takardar, to an yi mata sauye-sauye a hanya, farashinta ya faɗi. Mai karatu zai lura cewa takardar ta san ƙarfen sarai, amma ba ta da gurbin rubuta wanda aka auna da shi.

A watan Nuwamban 2014 ma'aikatan gandun dajin Great Basin a jihar Nevada suka tarar da wata Winchester ta 1873 jingine da bishiya, katakonta ya tsattsage ya yi toka-toka, ƙarfenta ya yi tsatsa har ta saje da kututturen. Kundin Cody ya nuna an ƙera ta an fitar da ita a 1882, bai ambaci wanda ya saya ba. Aka kawo ta Cody, aka ɗauki hoton cikinta, aka ga harsashi guda a ɗan ramin ajiya da ke gindinta. Masu gyara suka tsayar da ruɓewar katakon, suka bar mata tsatsarta, daga baya aka mayar da ita Nevada.