Tashe Ba Wasan Banza Ba Ne

Mu malaman allo mazauna Aziziyya ta birnin Riyad muna da 'yar magana a kan tashe.

A Kano da Zazzau da Katsina, in azumi ya kwana goma, yara kan bi gida gida da dare. Ba su da dandali sai ƙofar gida. Auduga ita ce gemun tsoho, tsumma cikin riga shi ne tumbi. Wannan ya zama Jatau mai magani, 'yan mata su yi Mairama da Daudu, su nuna zaman aure. Watau abin da mutum ya aikata da rana, shi za a kwaikwaya masa da dare. Ya yi dariya, ya ba da hatsi ko kwabo, amma gargaɗi ya shiga kunne. Mu malamai ma ba a ƙyale mu ba.

Larabawa suna da irin nasu: Gargi'an a Ahsa da Ƙaɗif tsakiyar azumi, Hawwama a Najadu wajen salla. 'Ya'yanmu haifaffun nan sun san waɗannan, ba su san namu ba. Can gida kuwa, a 2025 'yan sanda sun hana tashe a Kano saboda 'yan daba.

To, roƙonmu ke nan: a ba mu tsakar gida guda bayan asham, tsofaffi su zauna su koya wa yara. In waɗanda suka sani suka ƙaura, wa za a tambaya?

Haza wasalam.