Allurar bayan da aka yi wa Baba

Shekarar da Baba ya faɗi daga kan babur ƙashin cinyarsa ya karye, ni na yi jinyarsa a asibitin ƙashi na Dala, a Kano. 'Yan dubiya sun riga sun cika mana kunne cewa allurar baya tana shanye ƙafa. Don haka da likitar kashe zafi ta zo da maganar, Baba ya ce a bar shi ya daure.

Ta ja kujera ta zauna. Ta ce, "Baba, allurar ba ta shiga laka. Akwai ɗan fili a wajen fatar da ta lulluɓe lakar, nan za mu ajiye siririyar roba mu zare allurar. Maganin zai jiƙa jijiyoyin da ke kai zafin ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa." Ta ce dauriya ba ta haɗa ƙashi: mai jin zafi ba ya barci, ba ya yarda ya yi tari, ba ya motsi, ga jini na iya daskarewa a ƙafar da ke kwance.

Daga ƙarshe Baba ya yarda. Aka fito da shi daga tiyata robar na manne da filasta har kafaɗa, wata na'ura tana tura masa Bupivacaine kaɗan-kaɗan. Ma'aikatan jinya ba su huta ba. Su auna jini, domin maganin kan saukar da shi, su duba robar fitsari, su goga masa auduga mai sanyi daga cinya zuwa ciki don gane iyakar inda ya kashe, su ce ya motsa yatsu. Tambayarsu ce ta fi ba su wuya: daga sifili zuwa goma, zafin nawa ne? Dattijo ba ya kai ƙarar ciwo ga sa'ar 'yarsa. Sai na koma kallon goshinsa ina ba su amsa.

Cire robar ma sai da aka ƙirga. Suka jira awa 12 bayan allurar hana daskarewar jini da ake yi masa, gudun zubar jini kusa da laka. Kafin nan masu gashin ƙashi har sun zaunar da shi a bakin gado.

Da ƙaninsa ya zo yana faɗan don me aka yarda da allurar, Baba ya ce, "Wanda ya kwana da karaya shi ya san amfaninta. Miƙo min buta."