Haƙƙin Baƙo A Kan Mai Masauki

 

Ya 'yan'uwa, akwai wani kuka da ya yawaita a bakin fatake da ma'aikata masu bin hanyar Funtuwa zuwa Tsafe, Gusau da Bungudu, watau kukan wulaƙancin da suke sha a gidajen saukar baƙi. Mutum ya biya kuɗinsa lakadan, a miƙa masa makulli, ya buɗe ɗaki ya tarar famfo a bushe, zanen gado da dattin wanda ya tashi, kuɗin cizo sun yi sansani a katifa. In ya fito ya yi magana, yaron da ke kan tebur ya dube shi sheƙeƙe ya ce manaja ba ya nan. Mu mutanen Mada, da ba mu rabuwa da tafiya saboda hatsi da dabbobi, mun san wannan magana ciki da bai. Kuma tun da rashin tsaro ya hana tafiyar dare a wannan yanki, matafiyi ba shi da zaɓi: inda magariba ta riske shi nan zai kwana, mai masauki kuwa ya san da haka.

Wani zai ce ina ruwan filin addini da famfon otal? To, a saurara. Imam Ƙurɗubi, a tafsirinsa na Suratu Hudu, wurin da aka ba da labarin baƙin Annabi Ibrahim da ɗan maraƙin da ya gasa musu, ya kawo saɓanin malamai a kan waɗanda liyafar baƙo ta hau kansu. Ya ruwaito cewa Imam Malik yana ganin ba ta hau kan mutanen birni ba. Sahnunu kuma, mai Mudawwana, ya bayyana dalili, ya ce liyafa tana kan mutanen ƙauye ne, domin a birni akwai masaukin haya inda matafiyi zai sauka. Ku duba da kyau. Ashe abin da ya sauke wa mutanen birni wannan nauyi shi ne samuwar masaukin da baƙo zai sami biyan bukatarsa. Mai otal, ko ya sani ko bai sani ba, yana ɗauke da kayan dukan gari ne a kansa. To, in ɗakin da ya ba baƙo ba shi da ruwan da zai yi tsarki ya yi alwala, ba shi da wuri mai tsabta da zai shimfiɗa darduma, da wace hujja mutanen garin za su kare kansu?

Iyayenmu ba su san otal ba, fatoma suka sani. Falke ya iso da shanunsa ko buhunansa, fatoma ya sauke shi a zaurensa, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗinsa, ya nemo masa mai saye, in an ba da bashi shi ne mai lamuni. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki, la'ada yake ci. Haka aka yi a zangunan Hausawa tun daga Salaga da Kumasi har Sabon Ibadan, haka kuma aka yi a Gusau, wadda ta cika da baƙi bayan isowar jirgin ƙasa, lokacin da cinikin gyaɗa da auduga ya bunƙasa. Ba na cewa duk fatoma waliyyi ne. An yi macuta a cikinsu. Amma arzikinsa yana ɗaure da dawowar baƙonsa baɗi, saboda haka sunansa shi ne jarinsa. Da Gusau ta zama babban birnin Jihar Zamfara a 1996, baƙi suka ƙaru, gidajen haya na kwana suka ƙaru, amma aka ɗauki gini aka bar tarbiyyar. Wataƙila laifin har da namu attajiran, waɗanda suka daɗe suna ƙyamar wannan sana'a don an haɗa sunanta da giya da fasiƙanci, har ta rasa masu tsoron Allah da za su gyara ta.

Na taɓa sauka a wani masauki a kan wannan hanya, ba zan faɗi sunansa ba. Kafin in biya na tambaya ko akwai ruwa, aka ce akwai. Da asuba na nemi na alwala na rasa, sai da mai gadi, wani dattijo, ya tsiyaya mini daga butarsa. Da na nemi a rage mini kuɗi, aka nuna mini takarda a bango wai in an biya ba a mayarwa. Wannan takarda ba ta halatta haram. Malaman fiƙihu sun ce haya sayar da amfani ce, kuma abin da ya haramta a ciniki na ɓoye aibi da algus ya haramta a cikinta. Ɗalibin da ya karanta Risala ya san wanda aka ɓoye wa aibin kaya yana da ikon mayarwa. A Sahihu Muslim kuwa an ruwaito Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallama, ya cusa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata masa don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus. Mai nuna maka fenti a ƙofar gida ya ɓoye maka banɗaki, ina bambancinsa da wancan? In ruwa ya yanke, ko man janareta ya yi tsada, ba laifi ba ne. A faɗa wa baƙo tun a bakin tebur, a yi ciniki a kan haka, in ya yarda shi ke nan.

Jiharmu ce ta fara shelar aiki da Shari'a a watan Oktoba na 1999, kuma muna da Hukumar Hisba. Aikin muhtasibi a littattafan magabata bai tsaya ga korar baɗala ba, babban sashensa duba mudu ne da sikeli da hana algus a kasuwa. Ina roƙon hukumar, in jami'anta sun shiga masauki, su murɗa famfo, su ɗaga katifa, su tambayi yaran gidan ko an biya su albashinsu, gama yaron da ya yi wata uku ba a biya shi ba, daga ina zai samo fara'a?

Saura mu baƙin. Akwai ma'aikacin da in ya zo aiki daga ofis, zai kama ɗaki mafi araha, sa'an nan ya ja akawun masauki gefe ya ce a rubuta masa rasit na ninkin abin da ya biya, don ya karɓa daga baitulmali. Akwai ɗan kasuwar da zai biya kuɗin mutum ɗaya ya shigo da yaransa huɗu cikin dare. Da safe sai ka ji su sun fi kowa ɗaga murya a kan ruwa da wuta, akawun nan kuwa yana kallonsu, ya san abin da ya rubuta jiya.