Gidan Drayton da Hannayen da Suka Gina Shi

Wani ɗalibi mai koyon zanen gine-gine ya taɓa kai ziyara Gidan Drayton, wanda ke gaɓar kogin Ashley, kusa da birnin Charleston a Amurka. Abin da ya kai shi kuwa shi ne ya gane wa idonsa irin ginin nan da ake kira na zamanin Joji, wato wanda aka yi yayi a Ingila da ƙasashen da take mulka tun daga 1714 har zuwa 1830, sa'ad da sarakuna huɗu masu wannan suna suka gaji juna.

Da isarsa sai ya tarar da abin da littattafai suka faɗa. Gida ne na jan bulo, ƙofa a tsakiya, tagogin dama daidai da na hagu, ga baranda hawa biyu bisa ginshiƙai. An jera bulon ɗaya a tsaye, ɗaya a gicciye, domin bango ya kama kansa. John Drayton ne ya sayi filin a 1738, zuriyarsa kuma suka riƙe gidan har 1974, lokacin da ya koma hannun ƙungiyar kare gine-ginen tarihi ta ƙasar. Ita kuwa ba ta yarda a sabunta shi ba. Babu lantarki, babu famfo, an bar shi yadda aka same shi.

Ɗalibin yana cikin ƙirga layukan bulo sai wata tambaya ta faɗo masa: wa ya kwaɓa wannan ƙasa, wa ya gasa ta? Amsar ba ɓoyayya ba ce. Bayi ne 'yan asalin Afirka suka yi yawancin aikin, kuma noman shinkafa da baba da 'yan'uwansu suka yi a gandaye shi ya tara dukiyar. Maƙabartarsu na nan cikin harabar, akasarin kaburburan ba suna.

Masu iya magana sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya shiga da niyyar yabon mai gida, ya fito yana tunanin magina. A ganinsa, amfanin barin gidan yadda yake ke nan: da an shafe bangon da sabon aiki, da an shafe abu mafi girma da ya rage daga hannunsu.